Neman Abin Kiran Zabi a Guangzhou

Tun da na dawo, duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona sai ya ce, "Habibu, yaya Caina?" Nakan ce lafiya lau, kaya sun iso. To amma wasu sun ji ƙishin-ƙishin an kama ni a can, labarin ya yi ta yawo a kasuwa har ya dawo mini da cewa wai da hauren giwa aka same ni. Gara in faɗa da bakina sau ɗaya kowa ya huta.

Fitilun sola nake sayarwa a Kano, amma asalinmu maharba ne daga wajen Doguwa. Mahaifina ya bar mini wani yanki na daji a bayan gonarsa, inda yake farauta. Muna yara, zabin daji da fakaru ne suke tashin mu da asuba a wurin. Yanzu masu gawayi sun share itatuwan kewaye, ko gashin zabo ba ka gani. Ƙanin mahaifina, Baffa Ilu, shi kaɗai ya rage a maharban gidanmu, kuma bindigarsa ta daɗe a rataye.

Wata rana na ga bidiyo a waya. Wani Ba'amurke ya kafa talotalon roba a filinsa, ya ɓuya a gindin bishiya, ya danna wata 'yar na'ura ta yi kukan talotalo. Sai ga talotalon daji ya fito a guje, ya baza wutsiya. Na kai wa Baffa ya kalla sau uku.

Ya ce, "Ashe talotalo ma yana da na daji?"

Na ce, "Baffa, abin da ya kira talotalo ai zai kira zabo."

Ya ce, "Kai dai ka gani."

An gaya mini duk kayan nan a Caina ake yin su. Dama ina shirin zuwa karo na farko in saro fitilu da kaina, sai na ƙara wannan a cikin abin da zan nemo.

Daga Kano muka sauka Addis Ababa, muka canja jirgi. A nan na haɗu da Alhaji Maman, wani dattijon Maraɗi mai fataucin yadi, wanda ya yi shekaru yana zirga-zirga a hanyar. Ya ga ina ta juya tikitina ina neman ƙofar shiga, ya ce, "Ƙanena, Gwanju za ka tahi? Biyo ni." Kujerarmu ta zo kusa. Kafin mu sauka ya koya mini kalma huɗu: nihaw gaisuwa, shiyeshiye godiya, lauban maigida, meyo babu. Ya ce da su kaɗai wasu suka yi arziki. Ya kuma ja mini kunne kada in fita ko ƙofar otal ba fasfo a jikina.

A filin jirgin Baiyun na Guangzhou tsoro ya fara kama ni. Ba mai tsawa, ba mai neman na goro, kuma shirun nan shi ya fi tayar mini da hankali. Na'ura ta ƙi karɓar zanen yatsuna saboda zufa. Na goge a riga, ta ƙi. Jami'in ya dube ni, ya dubi hoton fasfo, ya sake dubana. A gida da tuni na yi masa wasa mun yi dariya. Nan kuwa sai da ya miƙo mini tishu na goge hannu sannan ta karɓa, ya buga hatimi ya ɗaga haɓa alamar in wuce.

Alhaji ya kai ni otal ɗin da yake sauka, kusa da titin Guangyuan Xilu, inda manyan kasuwannin tufafi suke. Ɗakin ɗan mitsitsi ne, in na shimfiɗa sallaya sai na ɗora jakata a kan gado. A ƙasa akwai shagon wasu Musulmin Sin masu farar hula, suna jan taliya da hannu a gabanka, su zuba mata romon naman shanu. Daren farko na yi ta kokawa da tsinkayen cin abincinsu har matar mai shagon ta tausaya ta kawo mini cokali mai yatsu. Na nemi ruwan sanyi, ta kawo mai zafi. Na sake nema, ta sake kawo mai zafi. Alhaji ya ce in haƙura, su a wurinsu ruwan sanyi cuta ne. Kuɗin takarda ma in ka miƙa sai a tsaya ana kallonka, kowa da waya yake biya, har mai gasa dankali a bakin titi.

Kwana huɗu na yi ina harkar fitilu, na gama na kai kaya wurin masu kago, waɗanda za su aiko mini da su gida. Rana ta biyar muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwar Tianhe, muka shiga wani dogon bene da ba a sayar da komai sai kayan lantarki. Na yi ta nuna bidiyon nan shago-shago, ana ce mini meyo. A hawa na huɗu, can ƙurya, wani mutum mai suna Liyu ya kalla ya yi dariya, ya jawo kwali. Ga na'urar nan kamar ƙaramar rediyo, da lasifika da rimot. Ya danna, ta yi kukan talotalo da ƙarfi har maƙwabtansa suka leƙo. Ya shiga ciki ya fito da talotalon roba guda biyu, mace da namiji, waɗanda ake hurawa da baki.

Alhaji yana jin yarensu na kasuwa, shi ya yi mana tafinta. Liyu ya ce kukan tsuntsu iri-iri ne a ciki, kuma zai iya sa mini na zabo in na kawo. Ni kuma na kafe. Na ce ba zan saya ba sai na ga tsuntsu na gaske ya amsa ta da idona, don roba da lasifika kowa yana iya sayarwa. Liyu ya yi ta girgiza kai. Na juya zan tafi. Sai ya kira ni ya ce ƙauyensu yana bayan gari ta arewa, akwai dutse mai kajin daji, ranar Lahadi zai kai ni in gani, amma minti goma kawai.

A hanyar komawa Alhaji ya ce, "Ƙanena, mutumin nan bai so ba, kai ka matsa mishi. Ƙasar nan ba a wasa da dabbar daji. Ni ba ni zuwa, kuma kai ma da ka bari."

Na ce, "Alhaji, ba bindiga, ba tarko. Kallo kawai za mu yi."

Ya ce, "Dakor, shi ke nan. Allah shi kiyaye."

Ranar Lahadi da sassafe Liyu ya zo da ƙaramar motarsa. Da yake daji za mu shiga, na cire kaftanina na rataye, na sa wando da riga mai hula. Mun yi tafiyar kusan awa biyu, benaye suka ƙare, muka shiga gonakin ayaba da na lemo, sannan wata siririyar hanya ta hau dutse. A inda muka ajiye mota akwai wani babban allo mai jan rubutu da hoton tsuntsu. Na nuna wa Liyu, ya kaɗa hannu, ya ƙara sauri. Tun daga nan jikina ya fara ba ni, amma na bi shi.

Muka kutsa cikin gora da ciyayi masu laima har wani ɗan sarari. Ya rataye na'urar a reshe, muka koma bayan wani dutse muka tsuguna. Ya danna rimot. Wani kuka ya fito, gajere, kamar ana murza ƙofa mai tsatsa. Ya kashe, ya jira, ya sake.

Wallahi ba a yi minti biyar ba na ji motsi a cikin busassun ganye. Wani tsuntsu ya fito, girman zakara, bayansa fari tas, cikinsa baƙi, fuskarsa da ƙafafunsa ja, wutsiyarsa doguwa tana jan ƙasa. Yana tafe yana karkata kai yana neman wanda ya kira shi. Na riƙe numfashi. A raina ina cewa shi ke nan, dajin mahaifina ya tashi.

Sai tsuntsun ya daskare, ya yi fir ya shige gora. Ban gane dalili ba sai da na ji an damƙi hannuna ta baya.

Mutum uku ne, cikin koren kaya da takalman roba. Wanda ya riƙe ni tsoho ne siriri, rana ta ƙona masa wuya, amma riƙonsa kamar na maƙeri. Ɗaya ya ciro na'urar daga reshe, ɗaya ya ƙwace rimot daga hannun Liyu yana yi masa faɗa. Liyu ya yi fari fat, yana ta sunkuyar da kai. Ni ba abin da ya zo bakina sai nihaw.

Suka tasa mu gaba, ba ta hanyar da muka zo ba. Taku kaɗan daga sararin, tsohon ya tsayar da ni ya nuna sama. Wata raga ce siririya kamar gashi, an ɗaure ta tsakanin gora biyu, tsawonta ya fi na ɗaki uku. Tsuntsaye sun maƙale a jiki, wasu sun bushe, wasu suna ɗan motsi. Ya nuna ragar, ya nuna na'urar, ya nuna ni. Na shiga girgiza kai ina cewa ba ni ba ne, da Hausa, da Turanci. Ya fito da almakashi ya yanke masu rai ɗaya bayan ɗaya ya sake su, matattun ya zuba a buhu.

A ofishin 'yan sandan wani ƙaramin gari aka raba mu da Liyu. Aka karɓe wayata, aka zaunar da ni a ɗaki mai tebur ɗaya da kyamara a kusurwa. Wata jami'a mai gajeren gashi ta shigo, ta miƙo hannu ta ce da Turanci, "Fasfo."

Na sa hannu a aljihu. Na sa a ɗayan. Na shafa ƙirjina. A lokacin na tuna kaftanina a rataye a bayan ƙofar otal, da fasfo a aljihun gaba. Na taɓa jin labarin waɗanda aka kama ba takarda a ƙasar nan, wata da watanni iyalinsu ba su san inda suke ba. Na tuna matata tana da tsohon ciki, kuma ban ma gaya mata zan fita bayan gari ba. Ba wanda ya san sunan dutsen nan, har ni.

Jami'ar ta ajiye wayarta a tsakaninmu, tana magana wayar tana juyawa zuwa Turanci. Me ya kawo ni ƙasarsu? Na ce fitilu. Wannan na'urar ta mece ce? Na ga gaskiya ce kaɗai za ta fitar da ni, na ce ina da fili a ƙasarmu, ina so in jawo tsuntsayen daji su dawo cikinsa don farauta. Wayar ta faɗi nata da yarensu. Fuskar matar ta canja, ta rubuta wani abu mai tsawo. Tsohon nan ya shigo ya zazzage buhun a kan tebur a gabana, aka jera matattun tsuntsayen, aka ɗauke ni hoto tare da su.

Na ce a raina na mutu. Na roƙe ta da hannu biyu ta bar ni in kira mutum ɗaya. Ta turo mini wayata.

Alhaji ya ɗauka ya ce, "Lahiya?"

Na ce, "Alhaji, an kama ni. Fasfona yana aljihun kaftani a ɗaki."

Ya yi salati. "Kana ina?"

"Ban sani ba."

"Ba polis ɗin waya. Kuma ka ji ni da kyau, kada ka sa hannu bisa wata takarda sai na zo. Ko mi suka ce."

Awa huɗu na yi ina jiransa. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya taɓa ni, kuma da an yi mini tsawa ma da na fi samun sauƙi, don da na san inda aka dosa. Ta bango ina jin muryar Liyu sama-sama, daga baya na ji kukan mace, ashe matarsa ce aka kira. Sau biyu ana kawo takarda da biro, ina haɗa hannu ina cewa a jira. Azahar ta wuce. Na nuna alamar wanke fuska da ɗaga hannu, wani ɗan sanda ya raka ni famfo ya tsaya a kaina, na yi alwala na dawo na yi salla a kan siminti ba tare da na san alƙibla ba. Ban taɓa daɗewa a sujada kamar ranar ba. Da na sallame na ga kofin takarda da ruwan zafi a gefena, tsohon nan ya ajiye. Na shanye shi tas.

Wajen la'asar na ji muryar Alhaji a waje yana ta nihaw, nihaw. Ya shigo da babbar rigarsa, zufa ta jiƙa masa hula, ya ajiye fasfona a tebur bai ko kalle ni ba. Ya karanta fuskar jami'ar, ya sa ta maimaita abin da ta rubuta, sai ya riƙe baki.

Ya ce, "Ka san mi waya ta hwaɗa musu? Wai ka ce ka zo ƙasar ga don ka kashe tsuntsayen wannan dajin."

Ya shiga yi musu bayani da guntun yarensu da hannu da zane a takarda. Ya zana taswira, ya nuna nan Caina, nan Najeriya. Ya sa na buɗe hoton Baffa Ilu a dajinmu, da bidiyon Ba'amurken, da rasit ɗin fitilu. Jami'ar ta ɗauki fasfon ta fita. Ta daɗe. Da ta dawo da kwamfuta a hannunta, ta juyo mana da ita. Ashe akwai kyamara a ɗaure a jikin wata bishiya a dutsen. Ga wasu mutum biyu da hular kwano suna ɗaura ragar, kuma kwanan watan da ke ƙasan hoton ya riga hatimin shigowata da kwana uku. Tun ranar ma'aikatan gandun dajin, wato masu koren kayan nan, suke fakon masu ragar su dawo, sai ga mu da na'ura.

Duk da haka ba a ce ba mu da laifi ba. Kunna irin wannan na'ura a dutsen haramun ne, kuma farin tsuntsun nan yana cikin waɗanda doka ta hana a taɓa. Aka ƙwace ta. Aka kawo takardar gargaɗi, Alhaji ya sa aka karanta masa layi-layi, sannan na dangwala yatsa da jan tawada. Liyu kuwa aka ce shi zai tsaya, don shi ɗan ƙasa ne, ya iya karanta allon.

Muna fita tsohon ya tare mu a baranda. Na ja da baya. Ashe wayarsa yake so ya nuna mini: hoton wani ɗan tafki a cikin gora, fararen tsuntsayen nan sun kai goma suna shan ruwa. Ya yi magana, Alhaji ya juya mini. Wai lokacin da yake saurayi ba ko ɗaya a dutsen, mutane sun cinye. Suka tare ruwa, suka dasa itatuwa masu 'ya'ya, suka hana kowa shiga shekara da shekaru. Sai ya tambaya, filin nawa akwai ruwa da rani?

Na ce babu.

Ya ce wani abu gajere ya mayar da wayarsa aljihu. Alhaji ya ce, "Wai to in ka kira su, su zo su sha mi?"

A tasi Alhaji bai yi mini faɗa ba, bai ce ai na gaya maka ba. Ya dai ce in kira gida. Na ji muryar matata tana tambaya ko na ci abinci, na ce layi ba kyau.

Washegari na koma Tianhe, shagon Liyu a rufe. Rana ta biyu ma haka. Ta uku na same shi a zaune, ya rame. An ci shi tara, an kwashe sauran na'urorin. Na sa Alhaji ya gaya masa ni na jawo masa, ya yafe mini. Ya zuba mini shayi a ɗan ƙaramin kofi, ya ce magana ta wuce, amma bai ƙara kallon idona ba har na tafi. Wannan yana damuna har yau.

Sauran kwanakin ban ƙara yin barcin kirki ba. Ko ƙofar maƙwabci aka ƙwanƙwasa sai na miƙe tsaye. Ranar tafiya a Baiyun jami'in ya sa fasfona a na'ura, ya tsaya yana karanta allo, ya kira wani suka duba tare. Suka yi magana ƙasa-ƙasa, sannan ya buga hatimi. Sai da na ji tayar jirgi ta bar ƙasa na saki hannun kujera.

Da na je Doguwa na ba Baffa labari duka. Bai yi dariya ba. Ya ce akwai wani kwari a gabashin dajin inda ruwa yake kwanciya, da can ma nan zabi suke sha kafin ƙasa ta cike shi. Kafin damina muka sa aka yashe shi aka yi masa bakin dutse. Na shuka gero a gefe na ce kada a girbe, na roƙi mai unguwa ya hana masu gawayi da masu babur ratsawa. Damina ta wuce, kaka ta wuce, ba mu ga komai ba.

Sai cikin rani, ranar wata Alhamis, Baffa ya aiko in zo. Da hantsi muka zauna a bayan wata tsamiya, ya ɗora bindigarsa a cinya. Muka ji su kafin mu gan su. Zabi tara, a jere, suna tafe suna tsayawa, har bakin ruwan. Baffa ya turo mini bindigar a hankali. Na ɗaga, na saita na gaba. Sai na ji kamar za a sake damƙar hannuna ta baya, na waiwaya da sauri.

Baffa ya ce ƙasa-ƙasa, "Wa kake nema?"

Na ce, "Ba kowa, Baffa."

Ya dubi bakin bindigar, ya sa tafin hannu ya danne shi ƙasa. Ya ce, "Ajiye. Tara ne kawai, kuma ba su yi ƙwai ba tukuna."

Muka zauna muna kallo har suka sha suka ƙoshi, suka juya suka shige ciyawa.